Hazo a Idon Ma'aikaci

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci yana jiran a liƙe masa taya ya san warin sholisho, wanda ya shiga garejin masu fentin mota kuwa ya san na tina. Wari ne mai kaifi, mai ɗan zaƙi-zaƙi, da ke hawa kai kafin a ankara. Abin da hanci ke ji a wuraren nan tururin wasu ruwaye ne da ake kira sinadaran narkarwa. Aikinsu shi ne su narkar da abin da ruwa ya kasa, kamar roba da maiƙo da ƙaro da fenti, sa'an nan su bi iska su bar abin da suka ɗauko a bushe. Halayen nan biyu su ne amfaninsu, su ne kuma sharrinsu. Abin da ke saurin bin iska yana saurin shiga huhu. Abin da ke narkar da maiƙo kuwa, in ya shiga jini, sai ya nufi sassan jiki masu maiƙo, cikinsu har da ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta. Ido kuma, in aka bi asalin halittarsa, reshe ne na ƙwaƙwalwa: tantanin da ke shimfiɗe a bayansa, wanda likitoci ke kira retina, da jijiyar gani da ta tashi daga nan, duk daga ƙwaƙwalwa suka tsiro tun mutum yana cikin mahaifa.

Fiye da shekara 160 ke nan likitoci suna rubuta abin da tururin nan ke yi wa ganin mutanen da ke wuni a cikinsa shekara da shekaru. Wanda ya bi tarihin daga farko zai ga abu guda yana ta dawowa. Akan rage tururin har ɓarnar da ake iya gani ta ɓace, sai a ce an kai ga mizanin da ba ya cutarwa. Bayan shekara ashirin ko talatin wani ya zo da ma'auni mafi kaifi, ya tarar ɓarnar tana nan, ta dai sauka ƙasa da inda tsohon ma'auni ke iya hangowa. Sinadarin da ya fi kowanne nuna haka shi ne kabon disalfaid, labarinsa kuma ya fara ne da balan-balan ɗin yara.

Ɗakunan roba na Paris

A 1796 wani masanin ma'adinai a garin Freiberg na Jamus, Wilhelm August Lampadius, ya gasa wani dutse mai farar wuta tare da gawayi, sai wani ruwa garai-garai ya fito. Ruwan yana tafasa a digiri 46 kacal, zafin da Sakkwato kan kusa kaiwa a tsakiyar bazara, kuma bututu mai zafi kaɗai ya isa ya sa tururinsa ya kama wuta. Ya yi shekara hamsin ba shi da wani babban aiki, sai a 1846 Alexander Parkes na Birmingham ya samo masa. A lokacin an riga an san dabarar Charles Goodyear ta dafa roba da farar wuta don ta daina yauƙi da zafi da sandarewa da sanyi, amma dabarar tana bukatar manyan tukwane da wuta da jari. Parkes ya nuna cewa in robar siririya ce, ya isa a tsoma ta ɗan lokaci cikin kabon disalfaid da aka gauraya da wani sinadarin farar wuta. Kwano ɗaya da kwalba ɗaya sun isa a buɗe sana'a. Kafin a jima ƙananan ɗakuna a unguwannin talakawan Paris suka cika da masu yin balan-balan da kororon roba, wasu ma a gidan da suke kwana da iyalinsu.

Likitan da ya fara bin sawun mutanen nan sosai shi ne Auguste Delpech. A 1856 ya gabatar wa majalisar likitocin Faransa rahotonsa na farko, a 1863 ya biyo da na biyu mai ɗauke da labarin majinyata 24. Bai tsaya a asibiti ba, ya bi su har wuraren aikinsu ya ga yadda suke sunkuyawa a kan kwano. Ciwon, yadda ya siffanta shi, yana da hawa biyu. Da farko zumuɗi da yawan surutu da saurin fushi da munanan mafarkai. Daga baya sanyin jiki da mantuwa, ƙafafu su yi nauyi, mazakuta ta tafi. Cikin jerin nan kuma akwai koken da ya yi ta maimaituwa: hazo a ido.

Ba irin makantar da duniya ke yin duhu gaba ɗaya ba ce. Mutum yana ganin gefen titi, yana kauce wa keken doki, amma abin da ya kafa wa ido shi ne ke dushewa: fuskar da ke gabansa, rubutun takarda, kafar allura. Tsakiyar gani ce ke mutuwa, gefe ya saura. Kafin ta mutu ɗin kuma launi ne ke fara tafiya, ja da kore su koma toka-toka a daidai wurin da ake kallo. Dalilin, yadda aka fahimta daga baya, shi ne zaruruwan jijiyar da ke ɗauko saƙo daga tsakiyar retina su ne mafi siranta kuma mafi bukatar kuzari, saboda haka su guba ke fara kayarwa.

A nan ne matsalar ma'auni ta fara bayyana. A 1851 Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido, abin da ya ba likita dama, karo na farko a tarihi, ya ga retina da bakin jijiyar gani a jikin mai rai. Amma da aka leƙa idon ma'aikacin roba, sau da yawa sai a ga komai lafiya lau, domin ɓarnar tana can cikin jijiya, bayan ƙwayar ido. Sai bayan watanni, lokacin da zaruruwan suka riga suka mutu, bakin jijiyar ke yin fari. Ga mutum yana cewa ba ya gani, ga madubi yana cewa babu komai. Bugu da ƙari, an san cewa yawan shan taba da giya, musamman ga wanda ba ya cin abinci mai kyau, yana kawo irin wannan hazon sak, kuma da wuya a sami leburan Paris ko Manchester na wancan zamani da ba ya taɓa ɗaya daga cikin biyun. Mai masana'anta ya sami amsar da zai yi ta bayarwa har shekara ɗari.

Manyan likitoci ma sun ƙara dagula lissafin. A 1888 Jean-Martin Charcot, wanda ba a da kamarsa a ilimin jijiyoyi a Turai ta lokacin, ya nuna wa ɗalibansa a asibitin Salpêtrière wani ma'aikaci da kabon disalfaid ya kayar, ya yanke hukuncin cewa abin da ke damunsa histeriya ce, wato ciwon da ba shi da tabo a jiki. A makarantar Charcot, ƙuntatar fagen gani tana cikin manyan alamomin histeriya. Ta haka alamar da ya kamata ta nuna guba ta zama hujjar cewa rauni daga mutumin yake, sinadarin kawai tsokano shi ya yi.

Maganin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Delpech da kansa ya ba da labarin wani ma'aikaci da ya ƙera shinge mai gilashi da ramuka biyu, mutum ya zura hannuwansa ya yi aiki, tururi yana can ɓangaren da iska ke kwashewa. Abokan aikinsa suka mai da abin dariya, suka laƙaba masa sunan fitilar majigi. A Ingila ƙungiyar likitocin ido ta kafa kwamiti, wanda a 1885 ya tattara majinyata fiye da ashirin, ya kuma nuna cewa wanda ya bar aikin da wuri yakan sami sauƙi, wani ma ganinsa ya dawo. Sai dai barin aiki magani ne mai tsada ga mai iyali. A 1902 Thomas Oliver, a littafin da ya shirya a kan sana'o'i masu haɗari, ya ambaci wata masana'antar roba da aka sa wa tagoginta ƙarafa don kada ma'aikatan da hauka ya kama su faɗo. An ga ya fi sauƙi a tsare taga da a kori tururi. Gwamnatin Birtaniya ta taƙaita sa'o'in aikin tsoma roba, a 1907 kuma ta sa gubar kabon disalfaid cikin cututtukan da ake biyan diyya a kansu.

Makantar da ke da shaidu

A daidai wannan lokaci wani sinadarin ya nuna a Amurka yadda al'amari kan kasance in ɓarna ta zo da gaggawa. Metanol, barasar da ake tatsa daga itace, ya daɗe a hannun masu fenti da masu yin hula, amma ɗanyensa yana da wari mai tayar da zuciya da ke korar mutum. A shekarun 1890 aka iya tace shi har ya rasa warin, aka sa masa sunayen kasuwa masu daɗin ji irin su Columbian Spirits, kuma ya fi barasar hatsi araha domin babu harajin giya a kansa. A 1904 likitocin ido biyu, Casey Wood na Chicago da Frank Buller na Montreal, suka buga labarin mutum fiye da 200 da suka makance ko suka mutu. Yawancinsu sha suka yi, amma akwai waɗanda ko ɗigo bai shiga bakinsu ba, kamar masu fenti da aka tura cikin manyan gangunan kamfanonin giya su shafe cikinsu da ƙaron da aka narkar a metanol. Sukan fito da ciwon kai da amai, bayan kwana ɗaya ko biyu gani ya tafi, domin hanta tana juya metanol zuwa wani asid da ke hana jijiyar gani amfani da iskar da jini ke kawo mata. A 1906 majalisar Amurka ta cire haraji daga barasar hatsi da aka gurɓata don aikin masana'antu, masu sana'a da yawa suka koma kanta. Makantar kwana biyu tana da shaidu, kowa ya ga mutum ya shiga ganga da ido ya fito babu. Wadda ke ɗaukar shekara ashirin kuwa tana zuwa ne tare da furfura, sai a ce tsufa ne.

Silikin roƙo

Da aka samo wasu hanyoyin sarrafa roba, da an zaci kabon disalfaid zai koma kwalbar masana. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A 1892 wasu masana uku a Ingila, Charles Cross da Edward Bevan da Clayton Beadle, suka yi rajistar hanyar mai da ɓargon itace ya zama zare mai sheƙi kamar siliki. Ana jiƙa ɓargon a soda, a zuba shi cikin manyan ganguna masu juyawa tare da kabon disalfaid har ya koma gari mai ruwan lemo, a narkar da garin ya zama ruwa mai kauri kamar zuma, wanda suka kira biskos. Daga nan a matso shi ta ƙananan kafofi cikin kwamin asid irin na ruwan batir, sai ya daskare ya zama zare. Kamfanin Courtaulds ya fara yin sa a Coventry a 1905, bayan 'yan shekaru reshensa ya buɗe a Marcus Hook ta jihar Pennsylvania, kafin yaƙin duniya na biyu kuma masana'antun reyon sun bazu a Italiya da Jamus da Japan. Zaren da kansa ba ya cutar da mai sa riga, domin sinadarin ba ya zama a cikinsa. Fita yake yi, kuma inda yake fita shi ne ɗakin da ake kaɗin.

Ɗakin kaɗi ya kawo ciwon ido iri biyu, ɗaya mai ihu, ɗaya mai shiru. Mai ihun daga wata iska yake mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidurojin salfaid, da ke tashi daga kwamin asid. Tana cin fatar gaban ido, mutum ya ji kamar an watsa masa yashi, hawaye ya yi ta zuba, ya kasa kallon haske, ya riƙa ganin zobe mai launin bakan gizo kewaye da kowace fitila. Kwana biyu ko uku a ɗaki mai duhu sai ya warke ya koma aiki. Wannan kowa ya san shi, domin yana rage yawan zaren da ake samu a rana, kuma saboda shi aka fara sa fankokin zuƙe iska. Mai shirun kuwa shi ne tsohon hazon Delpech, da wani abu da ba a riga an gano ba.

A Amurka wadda ta tsaya kan lamarin ita ce Alice Hamilton, mace ta farko da jami'ar Harvard ta ɗauka malama, a 1919. Ta riga ta yi ritaya lokacin da labarin masu kaɗin reyon da ake kaiwa asibitin mahaukata ya ja ta zuwa Pennsylvania. Binciken da ma'aikatar ƙwadago ta jihar ta buga a 1938 an yi yawancinsa a wajen masana'anta, ma'aikata suna zuwa da ƙafarsu a duba su. Likitan ido ya duba fiye da mutum 100, ya sami alamomin da ma'aikatan kansu ba su san da su ba, kamar faɗaɗar makahon gurbin da kowane ido ke da shi, da sanyin motsin ƙwayar ido a gaban haske. A 1941 aka tsayar da iyaka a Amurka: kada kabon disalfaid ya wuce kashi 20 cikin miliyan na iskar ɗakin aiki. An zaɓi lambar ne don ta hana hauka da shanyewar ƙafafu, kuma inda aka bi ta, ta yi wannan aikin.

A Turai kuwa yaƙi ya mai da hannun agogo baya. Jamus da Italiya, da auduga ta yanke musu, suka ɗora tufafin soja da na farar hula a kan reyon. Dokar rufe tagogi da dare don gudun jiragen yaƙi ta tsare tururi a ɗaki, fankoki suka lalace babu gyara. A Jamus da ƙasashen da ta mamaye aka cika wuraren da fursunoni. Agnès Humbert, masaniyar tarihin zane-zane daga Paris wadda aka kama saboda gwagwarmaya da mamayar Jamus, ta yi aikin tilas a masana'antar Phrix da ke Krefeld, kuma a littafin da ta buga a 1946 ta siffanta matan da asid ya ci wa yatsu, waɗanda ido kan rufe musu kwana da kwanaki, 'yan'uwansu suna jan su da hannu. A Italiya likita Enrico Vigliani ya bi ma'aikatan da suka sha tururin shekarun yaƙi, ya lura da cewa bayan shekaru wasu suna kamuwa da taurin jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da na ƙoda tun ba su tsufa ba. Wannan ne abin da ba a gano ba a da: sinadarin yana cin hanyoyin jini.

Ido ya zama shaida

A 1968 wani bincike a kan ma'aikatan reyon na arewacin Wales ya nuna cewa masu aikin ɗakin kaɗi suna mutuwa da ciwon zuciya fiye da sauran. Amma hanyoyin jinin zuciya ba sa ganuwa sai an buɗe mutum. Wuri ɗaya ne a jiki inda ake iya kallon ƙananan jijiyoyin jini kai tsaye, shi ne bayan ido, kuma a 1961 an fito da dabarar yi wa mutum allurar wani rini mai ƙyalli a hannu, a ɗauki hoton retina yayin da rinin ke ratsa ta. Likitocin Japan, Shigeru Goto da abokan aikinsa, suka juya kyamarar ga ma'aikatan reyon. Suka ga ƙananan kumburi kamar kan allura a jikin jijiyoyin jinin, da ɗige-ɗigen jini, irin waɗanda ake gani a idon mai ciwon sukari, alhali mutanen ba su da sukari. Yawancinsu kuma suna karanta allon haruffa har layin ƙasa.

Daga nan aka shiga wata muhawara mai ban sha'awa. Masu bincike a Finlan, waɗanda suka daɗe suna bin ma'aikatan wata masana'antar reyon ta ƙasarsu, suka ce su ba su ga kumburin ba. Ɓangarorin biyu suka haɗu suka ɗauki hotuna da hanya iri ɗaya, aka buga sakamakon a 1977. Kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Japan yana da tabon, na Finlan kuwa ba su kai 4 cikin 100 ba, kusan daidai da waɗanda ba sa aikin. Da an tsaya nan, da an ce idon Bature ya tsira. Amma Christina Raitta, likitar ido a Helsinki, ta riga ta lura cewa a idon ma'aikatan Finlan rinin yana jinkirin cika hanyoyin jinin da ke kewaye da bakin jijiyar gani. A 1981 ita da abokan aikinta suka ƙara gano cewa ma'aikatan sun fi sauran mutane kuskure wajen bambance launuka makusanta.

Inda hoton retina ya fi yin nauyi shi ne Koriya ta Kudu. A shekarun 1960 aka sayo tsofaffin injinan kamfanin Toyo Rayon na Japan, aka kafa su kusa da Seoul, masana'antar da aka sani da Wonjin Rayon. A 1988 jaridu suka fallasa halin da tsofaffin ma'aikatanta ke ciki: shanyewar jiki, rikicewar magana, ciwon ƙoda. Kowanne daga cikin waɗannan ana iya jingina shi ga hawan jini ko giya ko shekaru. Kumburin bayan ido a jikin wanda ba shi da sukari ya fi wuyar musantawa, ya kuma shiga cikin alamomin da ake dubawa kafin a yarda cewa aiki ne ya jawo ciwo. Ɗaruruwan ma'aikata aka tabbatar wa cutar, da kuɗin diyyarsu kuma aka gina asibiti. An rufe Wonjin a 1993, aka sayar da injinan ga wani kamfani a Dandong ta ƙasar Sin. A yau mafi yawan biskos ɗin duniya daga Sin da Indiya da Indonesiya yake fitowa, duk da cewa tun 1992 ake sayar da wani zaren itace, layosel, wanda ba a sa kabon disalfaid wajen yin sa.

Murafu goma sha biyar

Gwajin launi da Raitta ta yi shi ne ya buɗe babi na ƙarshe, wanda ya wuce reyon ya shafi kusan duk mai aiki da sinadaran narkarwa. Gwajin launi da aka fi sani shi ne littafin Shinobu Ishihara na 1917, mai lambobi ɓoye cikin ɗige-ɗige. An tsara shi ne don kama waɗanda aka haifa ba sa bambance ja da kore, kusan 8 cikin 100 na mazan Turai. Raunin da ke samun mutum daga baya kuwa sau da yawa ta shuɗi da rawaya yake farawa, abin da likitan Jamus Hans Köllner ya danganta da cututtukan retina tun 1912, kuma littafin Ishihara ba ya tambayar wannan ko kaɗan. Ƙwayoyin da ke kama shuɗi ba su kai ɗaya cikin goma na masu kama launi a retina ba, saboda haka ƙaramar asara a cikinsu tana da tasiri. Ma'aikaci zai iya cin gwajin haruffa, ya ci na Ishihara, likita ya sa hannu cewa idonsa lafiya, kuma duk gaskiya aka faɗa gwargwadon abin da aka tambaya.

A shekarun 1970 wani likitan ido a Paris, Philippe Lanthony, ya ɗauki tsohon gwajin Farnsworth ya kashe kaifin launukansa. Abin da ya fito ɗan akwati ne mai ƙananan murafu 15 kamar na kwalba, kowanne da launi fari-fari, ana barbaza su a tebur a ce mutum ya jera su bi da bi, kowanne kusa da wanda ya fi kama da shi. Minti kaɗan ake yi, ba a bukatar iya karatu, ana kuma iya shiga da shi masana'anta a aljihu. A 1987 Donna Mergler da abokan aikinta a Montreal suka nuna cewa yana kama raunin da sauran gwaje-gwaje ke tsallakewa a wurin masu aiki da sinadaran narkarwa. A Italiya Fabriziomaria Gobba da Alessandro Cavalleri suka sami irinsa a 1991 wurin masu ƙera kayan roba mai zaren gilashi, waɗanda ke shaƙar sitairin, a 1994 kuma wurin masu wankin kaya ba da ruwa ba. Wasu suka same shi wurin masu ɗab'i da masu yin takalma da ke aiki da toluwin, sinadarin da ke cikin yawancin tina da gam ɗin roba. A wasu binciken an kuma ga raguwar iya bambance abu mai dishi-dishi daga bayansa, irin ganin da direba ke bukata da magariba ko cikin ƙurar hunturu.

Dole a faɗi girman abin daidai. Wannan ba makanta ba ce, kuma yawancin masu shi ba su san suna da shi ba. Shekaru ma suna kawo irinsa, domin madubin cikin ido yana yin rawaya da tsufa, haka giya da ciwon sukari, don haka sai an cire waɗannan daga lissafi. Ba kuma kowane bincike ne ya same shi ba: wani dogon nazari a manyan maɗaba'un Jamus, inda toluwin ke ƙasa da kashi 50 cikin miliyan, bai ga bambanci ba. Wasu masana sun ɗauke shi ƙaramin abu da bai isa a gina doka a kansa ba. Amma wannan hujja ta fi ƙarfi a ofis. Ga mai fentin mota da ke haɗa launin ƙofa ya dace da na sauran jiki da ido kawai, ko mai ɗab'i da ke duba ko shuɗin ya zauna, bambance launuka makusanta shi ne jarin sana'ar, kuma shi ne abin da tururin sana'ar ke fara taɓawa. Ban da haka, tun da retina reshen ƙwaƙwalwa ce, kuskuren jera murafu alama ce ta farko cewa sinadarin ya isa inda ba a so ya isa.

Ƙungiyar ƙwararrun tsaftar masana'antu ta Amurka, ACGIH, wadda ƙasashe da yawa ke kwafar lambobinta, ta karkata ga wannan ra'ayi. A 2007 ta sauke iyakar toluwin daga kashi 50 zuwa 20 cikin miliyan, kuma raunin gani yana cikin dalilan da ta bayar. Shekara guda kafin nan ta sauke ta kabon disalfaid zuwa kashi 1. Sai dai lambobin ƙungiyar shawara ce. Mai ikon doka ita ce hukumar kare lafiyar ma'aikata, OSHA, wadda iyakarta ta toluwin har yanzu 200 ce. A 1989 hukumar ta yi yunƙurin sabunta iyakokin ɗaruruwan sinadarai a lokaci guda, ta mai da ta kabon disalfaid kashi 4. A 1992 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dukan sabuntawar, bisa hujjar cewa ba a kafa dalilin kowane sinadari shi kaɗai ba. Lambar da ke cikin dokar Amurka a yau ita ce dai 20 ɗin da aka fara rubutawa a 1941, shekara ashirin kafin a ɗauki hoton farko na rini yana ratsa retina.